Sulallan da Dawuda Ya Goge

A garin Yashe akwai wani manomi mai suna Dawuda, mutumin kirki ne, sai dai ba a faɗa masa ya ji. Kome aka ɗauko, shi ya riga kowa saninsa. A shekarun da ya yi yana tuƙin babbar mota zuwa kurmi, ya tara sulalla goma sha biyu na ƙasashen waje, irin waɗanda ake bugawa don tunawa da wasanni. Wani da hoton mai buga ƙwallo, wani da mai tsere. Yana ajiye su cikin gwangwani, har suka yi duhu saboda daɗewa.

Ana saura kwanaki ruwa ya sauka, san huɗarsa guda ya mutu. Hankalin Dawuda ya tashi ƙwarai, domin in bai sami wani ba, gonarsa haka za ta kwana bana. Sai ya tura hoton sulallan ga Alhaji Abdullatif, wani mai sayen kayan tarihi a Kankia. Alhaji ya kira shi nan take, ya ce kuɗinsu za su sayi sa har da ragowa. Ya ƙara da cewa, "Ka kawo mani su yadda suke, kada ka taɓa su."

Da Dawuda ya zazzage su a tabarma, sai ya ji kunyar kai su da wannan dauɗa. Ya sa matarsa Sa'a ta kawo toka da jiƙaƙƙiyar tsamiya da yashi, irin abin da take goge tukunya da shi.

Sa'a ta ce, "Malam, ba cewa ya yi a bar su ba? Kira shi mana ka tambaya."

Ya ce, "Mi kika sani a ciki? Wayo ne, so yake ya saye su da araha."

Ya zauna ya dirje su tas, har suna ɗaukar ido.

Washegari a Kankia, Alhaji Abdullatif ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya yi salati. "Malam Dawuda, wa ya yi maka wannan aiki? Duhun nan shi ne shaidar tsufansu, shi masu tarawa ke saye. Duba, yashi ya cinye fuskar ɗan wasan, shekarar ma ba ta karantuwa. Yanzu sai dai a auna su a kuɗin ƙarfe."

Abin da aka ba shi ko ɗan akuya bai saya ba. Ruwa ya sauka, maƙwabta suka yi huɗa, Dawuda ya bi gonarsa da fartanya shi kaɗai, rabinta ma bai nome ba.

Darasi: idan wanda ya san abu ya gargaɗe ka, ka saurara, in ba ka gane dalili ba ka tambaya. Tambayar minti guda da Dawuda ya ƙi yi, ita ta ci masa abincin shekara.