Ranar da Aka Hana Sarki Akuya

An yi wani sarki a ƙasar Zangon Marke, ana ce masa Jatau, mai tausayin talakawa ne amma ba a san shi da haƙurin jira ba. A zamaninsa fari ya auka wa ƙasar har rumbuna suka koma ɗakunan ɓeraye, sai ya yafe kuɗin kasuwa baki ɗaya. Da Allah ya dawo da damina, gonaki suka yi kore, baitulmali kuwa ya bushe ƙaƙas, ganuwa na zubewa, dogarai na ƙorafi a ɓoye.

Sarki ya tara majalisa, ya ce yana son a gaya masa alamar da ake gane ƙasa ta farfaɗo, domin in ya maido da haraji da wuri zai karya marar lafiyar da bai gama miƙewa ba, in kuma ya makara fada za ta durƙushe. Ma'aji Tanimu, wanda ke kwana yana tashi da ciwon baitulmali, ya ce a maido yau, gobe ta yi nisa. Waziri Zubairu, dattijo mai jan ƙafa da sanda, ya roƙi a dakata.

"Allah ya ba ka nasara," in ji Waziri, "a bar ni in riƙa raka ka kara, inda ake cinikin dabbobi, duk tsayuwar wata. In kaka ta wuce ban nuna maka alama da idonka ba, a warware rawanin nan daga kaina."

Sarki ya karɓi sharaɗin, fadawa kuwa suka fara auna rawanin da ido, kowa na kwatanta shi da girman kansa.

Da wata ya tsaya suka je, suka tarar da kara ta cika maƙil, tumaki da awaki ba masaka tsinke, ga araha kamar a ce kyauta. Ma'aji ya rasa inda zai sa kansa don murna, yana ta nuna wa Sarki wadata dama da hagu. Waziri ya zagaya turaku yana sunkuyawa yana duba dabbobin, ya dawo fuska a murtuke, ya ce da saura. Wata na gaba kara ta ƙara cika, mahauta na ta sharholiya, Waziri ya sake cewa da saura. Ran Sarki ya ɓaci, ya tuna masa cewa gero ya riga ya shiga rumbu, saura zuwa ɗaya.

A zuwan ƙarshe suka iske kara fayau, sai 'yan raguna da bunsuraye jefi-jefi, su ma tsada kamar me. Nan take Ma'aji ya juya harshe, ya ce jinkirin Waziri ne ya kashe kasuwa, yanzu ko an maido da harajin ba wanda za a karɓa a hannunsa. Sarki ya juyo a fusace zai ba da umarni, sai ya nemi Waziri ya rasa. Can aka hango dattijon ya yar da sanda, ya tattare riga, yana tsallake igiyoyi daga turke zuwa turke yana dariya, har dillalai suka ɗauka tsoron tuɓewa ne ya taɓa shi. Ya dawo yana haki, ya zube gaban Sarki.

"Albishirinka, Zaki! Babu mace ko ɗaya! Ƙasarka ta tashi!"

Da numfashinsa ya daidaita ya yi bayani cikin ladabi. Ya ce a ƙasar nan akuya da tunkiya dukiyar matar gida ce, ita ce madarar yara, ita ce garken baɗi, kuma ba a fitar da ita sai tukunya ta yi kwanaki a kife. Dabbobin da suka cika kara a watannin baya mata ne, wasu har da ciki, saboda haka abin da aka kira wadata yunwa ce ta fito kasuwa. Yau kuwa kowa ya riƙe tasa, don akwai abin da za a ci a gida.

Sarki ya ce hujja ta yi daɗin ji, amma sai ya gwada. Ya hangi wata mata, Inna Lantana daga ƙauyen Rafin Kuka, ta kawo bunsuru sayarwa, ga wata jar akuya ta biyo ta a baya. Ya sa aka kira ta, ya taya akuyar ninkin kuɗinta, sannan ya sake ninkawa. Matar ta durƙusa, amma hannunta na kan wuyan akuyar.

"Ranka ya daɗe, bara na sayar da uwarta ina kuka, don jikokina su ga safiya. Wannan kam a yi mini afuwa. Ga bunsuru, in ana so."

Fadawa suka kalli juna, don ba a taɓa hana Sarki Jatau abu a bainar jama'a ba. Shi kuwa sai ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa, yana cewa tun da ya hau karaga bai ji magana mai daɗin wannan ba. Ya sayi bunsurun a kuɗin da ya taya akuyar, ya yi hukunci a maido da rabin haraji bayan awaki sun haihu, sauran kuma a riƙa ɗagawa sannu a hankali, ana duba kara duk wata. Ma'aji ya sumbaci hannun Waziri, don shi ma ba mugu ba ne, idonsa ne ya tsaya a kan yawa.

Sarki ya cire alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya gyara masa da hannunsa rawanin da tsalle ya karkatar, sannan ya sa aka tsinto masa sandarsa. Masu ilimin mulki suka ce adalcin sarki ya cika ne ranar da talakansa ya iya ce masa a'a, ya kuma koma gida da akuyarsa.