Daddawar da Ta Kori Balbelu

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To, kai mai gyangyaɗi, gyara zama. An yi wata zabuwa, Tabawa, mai sana'ar daddawa a bakin babban kogi. Da daddawar nan take ci da 'ya'ya tara.

Ran nan sai ga balbelu cikin jiragen ruwa, farare fat, suna taku kamar ƙasa za ta ɓata musu ƙafa. Shugabansu, Dogon Wuya, ya ce, "Sarkinmu na ƙetare ya karɓi garin nan."

Tabawa ta ce, "Ya taɓa zuwa?"

"Bai taɓa ba."

"Ikon Allah!"

Kasuwar farko aka sa harajin kalwa, aka biya. Ta biyu aka sa na itacen dahuwa, aka biya ana ƙunƙuni. Ta uku Dogon Wuya ya ce, "Daga yau ba mai sayar da daddawa sai ga jirginmu, yadda muka yanka. Gishiri ma a wurinmu za ku saya."

Kunkuru ya ce, "Ranka ya daɗe, da aka yanke wannan, wa ya zauna a madadinmu?"

"Wa ya tambaye ku?"

Kai, ran Tabawa ya ɓaci. Sana'a na neman mutuwa, 'ya'ya na kukan yunwa. Sai ta zaga gida gida ta yi wa mata raɗa, sannan ta je ta faɗi gaban Dogon Wuya tana kukan ƙarya.

"Ranka ya daɗe, ku ɗauki busasshiya duka, amma don Allah ku bar mana dafaffiyar kalwa ta cikin tukunya. Nan albarkar take!"

Dogon Wuya ya miƙe wuya. "Ashe ita kuke ɓoyewa? A kwashe!"

Aka kwashe da zafinta, aka cika jirage, matan suka lulluɓe ta da ganye. Ƙetare kuwa tafiyar kwana uku ce. Ku da kuka tashi a gidan daddawa, kun san abin da kwana uku ke yi. Su ba su sani ba, ba su kuma tambaya ba.

Rana ta fari, lafiya lau. Ta biyu, suka fara hararar juna: "Wa ya yi?" Ta uku, wari ya tashi, ƙudaje suka yi musu baƙi ƙirin. Dogon Wuya ya toshe hanci ya ce, "Wayyo rigata!" Firrr, suka tashi suka bar jiragen.

Iska ta koro jiragen gida, kalwa ta nuna daidai. Mata suka kirɓa suna guɗa.

Da balbelu suka dawo karɓar haraji, sai suka tarar da gari duka a bakin ruwa, kowa da taɓarya, har Kunkuru.

Tabawa ta ce, "Ku gaya wa sarkinku, in yana son daddawa ya zo kasuwa ya yi layi."

Ba su sake sauka ba. Tun daga ranar suke bin bayan shanu, Tabawa kuwa ta sayar wa wanda ta ga dama, 'ya'yanta suka yi ɓul-ɓul.

Kun ji, yara: wanda ya ƙwace sana'ar mutane bai tambaye su ba, sana'ar ce za ta fara korarsa.

Ƙurunƙus! Kowa ya tashi ya kaɗe zaninsa.