Dalilin da Ya Sa Kawunan Kufai Suke Zare Ido

Dalilin da ya sa kawunan yumɓun nan da ake tonowa a tsohon kufai na bayan garinmu suke zare ido, baki a buɗe, kuma ba gangar jiki, Gwaggo Ta-Rana ce ta fara gaya mini shi, ƙanwar babana, muna ɓarar gyaɗa a gindin rumbu ina 'yar shekara takwas. Bara wasu masu karatu suka zo da 'yan cokula da buroshi, suka yi wata guda suna sharar ƙasa, suka ce wai abin bautar mutanen da ne. To, sun sha rana, Allah ya ba su lada. Amma ku matso, jikokina, ku ji yadda aka yi.

Lokacin da kufan nan yake gari, suna da wata al'ada. In gero ya nuna, ba mai girbe ko zangarniya ɗaya sai mai gari ya hau kan dutse ya lissafa kakannin garin, sannan ya ce, "A girbe." Masu garin da suka wuce, kafin tukunyar wake ta tafasa sun gama. Sai aka naɗa wani tsoho mai suna Korau. Mutumin kirki ne, ba ya cin na kowa, amma in ya buɗe baki sai dai haƙuri. Ga idonsa ya yi rauni. Daga kan dutse ba abin da yake gani sai kawunan mutane, don ciyawar wurin tana kai wa mai zama har wuya. Kawunan yake ƙirgawa kowace safiya. In ɗaya ya ɓace, ko ya ga alamar gyangyaɗi, sai ya koma farko.

Akwai wata mai ginin tukwane, Tabawa, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da gona ɗaya. Geronta ne ya fara nuna, kuma janbaki sun gano shi. Tana zaune cikin ciyawa tana hango tsuntsayen suna sauka a kan abincin shekararta. Rana ta uku ta kasa daurewa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, saura kakanni nawa?"

Korau ya ce, "Haba Tabawa, ai muna kan na biyu. Ban ma gaya muku yadda akuyarsa ta faɗa rijiya ba."

"An dai fito da ita?"

"Sai jibi za mu kai nan."

Tabawa ta koma gida ta kwaɓa yumɓu, ta gina kai irin nata, ta gasa shi tare da tukwane. Da sassafe ta kafa turke cikin ciyawa a wurin zamanta, ta ɗora kan, ta wuce gona da ƙwarya da tsakuwa tana korar tsuntsu. Kuskurenta ɗaya, layi kawai ta ja a wurin ido.

Korau ya ƙura wa kan ido ya daka tsawa. "Tabawa! Barci kike ina maganar kakanni? To, mu koma farko!"

Da yamma maƙwabcinta Nomau, wanda ke zaune kusa da turken, ya same ta a gida. Ya ce, "Kin jawo mana asarar kwana uku. Ki buɗe wa abin nan ido, kuma ki gina mini nawa, in ba haka ba in tona."

Sai ta gina sabo. Ta sa tsinke ta huda idon ta buɗe shi sosai, ta wangale bakin kamar na wanda ya ji abin mamaki. Nomau kuwa ya ce a sa wa nasa gemu, shi da gashi uku ne a haɓarsa. Kafin a jima kowa ya ji. Wata ta zo tana son kitson da gashinta bai isa ba. Wani ya ce an yi masa hanci ya yi yawa, Tabawa ta ce, "Na ma rage maka." Cikin mako guda ba mai rai ko ɗaya a cikin ciyawar nan, kowa yana gonarsa yana kaɗa ƙwarya.

To, a nan dabarar ta juya musu. Korau tun da aka haife shi bai taɓa samun masu sauraro irin waɗannan ba. Ba mai tari, ba mai tashi fitsari, kowa ido a zare, baki a buɗe. Daɗi ya kama shi. Ya shiga ƙaro wa kakanni 'yan'uwa da surukai da karnukan farauta. Tsuntsu dai an kore shi, amma geron Tabawa ya bushe ya fara zubewa ƙasa, kuma ba dama ta girbe.

Rana ta goma sha biyu ruwan ƙarshen damina ya sauko da hantsi. Korau ya duba, ba wanda ya motsa. Hawaye suka zo masa. Ya ce, "Allah sarki, mutanena." Ya dogara sandarsa ya sauko, ya nufi wurin zaman Tabawa ya cire malafarsa. "Ke 'yar nan, mura za ta kama ki, ga marayu a gida." Yana ɗora mata malafar, kai ya faɗo daga turke ya gangara gabansa.

Tsoho ya kurma ihu. "Wayyo! Na kashe Tabawa da surutu!"

Ya rungumi kan ya yi ta gudu, tsoro ya hana shi duban sauran, har ya faɗa cikin gonaki. Sai ga mutanen garinsa kaf a tsaye, jiƙe sharkaf, ga Tabawa da ƙwaryarta. Ya matso daf da ita. Ya dubi kan da ke hannunsa, ya dube ta, ya sake duban kan.

Ya ce, "Wacce ce ke a ciki?"

Ta ce, "Mai jin yunwar, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe?"

"Tun akuya."

Kowa ya sunkuyar da kai, don tsohon ya ba su tausayi. Tabawa ta durƙusa ta kama hannunsa ta kai shi ƙasa. Ta ce, "Baba, taɓa ka ji." Ya shafa, ya ji ƙwayar gero birjik cikin laka. Ya daɗe a tsugunne. Can ya ce wani abu a hankali.

Nomau ya ce, "Me ya ce?"

"Na ce a girbe, kurame! Amma waɗancan na cikin ciyawa, kada wanda ya taɓa mini su. Sun fi ku tarbiyya."

Aka girbe. Rumbun Tabawa bai cika ba, amma ya kai ta da 'ya'yanta wata kakar. Korau kuwa kullum yana kan dutse yana ba kawunansa labari har ya bar duniya. Wani lokaci Tabawa takan je ta zauna cikinsu don tausayi, sai ya ce ta cika motsi.

Shi ya sa har yau in an tona kufan nan kawuna kawai ake samu. Gara ta cinye turakun, ƙasa ta rufe sauran, su kuma suna nan ido a zare, ba wanda ya sallame su.

Ni kuwa washegarin ranar da Gwaggo ta ba ni labarin nan, da gari ya waye na je bakin rafi na ɗebo laka, na gina kai da 'yan kitsona biyu, na huda masa ido, na ajiye shi gaban tulin gyaɗa, na tafi wasan 'yar gala-gala. Da yunwa ta koro ni, na tarar Gwaggo ta ajiye masa kokona da ƙosai uku. Na miƙa hannu, ta buge shi. Ta ce, "Na wadda ta zauna ne. Ke wace ce?"