Rassan Manhaja da Hukuncin Waziri Ilyasu

An yi wani sarki a ƙasar Gwaramma, Haliru sunansa, a zamanin da kwamfuta ta shiga asibiti da makaranta da kasuwa. Uwar manhajar da ke tafiyar da na'urorin ƙasar wani malami ne ya rubuta ta, ya bar ta waƙafi, kowa ya ɗauka ya gyara yadda ya ga dama. Mutanen Gwaramma kuwa ba a raba su da son a ce nasu daban ne, sai kowane gari ya gyara manhajar ya fitar da nasa reshen, har rassan suka yawaita, wani ba ya gane wani.

Sarkin yana da waziri, Ilyasu, dattijo mai ilimi da haƙuri. Wata shekara matarsa Zulai ta je ziyarar dangi a wani gari mai nisa, ciwon zuciya ya kama ta a can. Likitan garin ya ɗauki hoton ƙirjinta ya aika wa babban likitan birni domin ya faɗi abin da za a yi mata, amma na'urar birni ta kasa buɗe hoton, saboda reshenta daban ne. Aka sa ta a mota za a kai ta birni, rai ya yi halinsa a hanya.

Da aka tashi daga zaman makoki, sarki ya tara fada. Fadawa, waɗanda rabinsu ba su san inda ake kunna kwamfuta ba, suka yi ta tsine wa rassa. Sarki ya ce, "Ya Waziri, babu wanda wannan rarrabuwa ta cutar kamarka, don haka hukunci na hannunka. Yawan rassan nan rauni ne ko ƙarfi? In ka ce rauni ne, yau zan soke su duka, a bar na birni kaɗai."

Ilyasu ya sunkuyar da kai. Tun ranar jana'iza yake jin ƙin rassan nan a ransa, ga shi an miƙa masa wuƙar yanka su, kalma ɗaya ta isa.

"Allah ya ba ka nasara," in ji shi, "wallahi zuciyata so take in ce rauni ne. Amma na zaga ƙasarka, na gani da idona. Makafi suna da reshe mai karanta musu rubutu da murya. Makiyaya suna da wani ɗan ƙarami mai aiki a tsohuwar waya, da shi suke kiran ungozoma daga ruga, na birni kuwa ko tashi ba zai yi a irin wannan wayar ba. In an soke waɗannan, gobe wani zai rasa tasa matar, kuma da bakina aka kashe ta."

Sarki ya ce, "To Zulai fa? Ta tafi a banza ke nan?"

Waziri ya ce, "Ba yawansu ne ya cutar da ita ba, ranka ya daɗe, rashin yarjejeniya ne a tsakaninsu. Ka tara masu rassan, ka wajabta musu hanya ɗaya ta musayar hoto da saƙo. Abin da ya rage, kowa ya riƙe nasa."

Idon sarki ya cika da ƙwalla. Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa waziri, ya ɗora masa jagorancin aikin, aka yi kamar yadda ya ce.

Da shekara ta zagayo, ranar da aka zo masa da bushara cewa hoton ƙirjin wata mata ya iso birni daga ƙauye, an buɗe, an ceto ranta, Ilyasu ya yi hamdala. Sannan ya shiga gida ya rufe ƙofa, ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba, domin abin da ya ceci matar wani bai fi ƙarfin a yi shi bara ba.

Ku sani, ya ku masu karatu, adali shi ne wanda ciwon ransa bai zama doka a kan bayin Allah ba.