Ranar da Agwagwa Ta Sa Aka Yi wa Ƙwai Wanka

Dalilin da ya sa ba a wanke ƙwan da za a kai kasuwa, sai dai a goge shi da busasshen tsumma, wata tsohuwar hassada ce. Ke Uwale, ajiye butar nan ki ɗauki tsumma, ki zo ki zauna cikin 'yan'uwanki, kafin ki jiƙa ƙwan nan ki jawo mana asara.

A da can, lokacin da tsuntsaye ke magana da mutane, Kaza gwanar wanka ce. Tare suke zuwa kududdufi da Agwagwa, su yi iyo, su dawo gidan uwar ɗakinsu, Iya Tabawa mai sayar da ƙwai.

Amma a gida ba ɗaya suke ba. Kaza a akurki take saka ƙwanta, a kan ƙaiƙayi. Iya Tabawa ta zo ta ɗauka da hannu biyu, ta kankare ɗan kashin da ya manne, ta goge da tsumma, ta jera a ƙwarya bisa dusa, tana yi tana kirari: "Uwar albarka! 'Yar lelena!" Ita kuwa Agwagwa, duk inda abin ya matso ta nan take sauke shi, ko bakin kwata ko gindin randa. Iya sai ta ture da ƙafa ta ce, "Ƙarni! Wa zai saya?"

Agwagwa ta karkace wuya, tana kallon ƙwaryar da ido ɗaya. "Nawa ya fi girma," take cewa a ranta. "Nawa ya fi nauyi. Amma ko tsumma bai taɓa samu ba."

Ana nan sai 'yar Iya ta kusa haihuwa. Iya ta tsaya tsakar gida ta ce, "Mai jego sai da farfesu. Wadda ba ta kawo komai a gidan nan, ita za ta shiga tukunya." Agwagwa ta duba dama, ta duba hagu, ba ta ga wadda ake nufi ba sai ita.

Da suka je wanka sai ta sassauta murya, ta matso kusa da Kaza. "Ƙawata ta kaina, wai me ke hana ƙwanki lalacewa da wuri?"

Kun dai san Kaza, bakinta ba ya riƙe magana. Ta buɗe fiffike: "Kwat-kwat-kwat! Sirri ne fa, kada ki gaya wa kowa! Kowane ƙwai da rigarsa nake saka shi. Siririya ce, ido ba ya ganinta. Yana faɗowa da ɗan danshi, da ya bushe ta zama riga, ta toshe ƙananan ƙofofin ɓawo, ba abin da zai shiga. Ruwa ne kaɗai ke tuɓe ta."

"Ruwa?"

"Ruwa."

"Allah Sarki," in ji Agwagwa.

Ranar kasuwa, Iya na jera ƙwai, sai ga Agwagwa tana rangwaɗa. "Iya, ni dai ba na gulma. Amma ana ta magana a gari, wai ƙwanki da kashi-kashi."

Iya ta riƙe ƙugu. "Wace mai dogon bakin ce ta faɗa?"

"Ni ba na kama suna. Ki dai tsoma su a ruwa ki ga ikon Allah."

Iya ta tsoma, ta cuɗa, ta ɗauraye. Kai, ƙwai suka fito fes, suna ƙyalli kamar tangaran! Tana isa kasuwa Mati mai dafaffen ƙwai ya kwashe su duka, ya kai ɗaki ya ajiye yana ɗiba kaɗan-kaɗan, kamar yadda ya saba. Ga zafin bazara.

Ranar da aka haihu, sai ga Mati ya faɗo gidan, hannu ɗaya da ƙwarya, ɗaya toshe da hanci, har maganarsa ta jirkice. "Iya Dabawa! Iya Dabawa! Be da yi biki?" Ya fasa ɗaya a ƙasa, fus! Ƙuda ma sai da ya ja da baya.

Agwagwa ta leƙo daga bayan turmi. "Ayya. Ashe tsufa ya kama ƙawata. Ruɓaɓɓu take sakawa yanzu."

Iya ta cafko Kaza ta fiffike, ta miƙa wa Mati wuƙa. "Kai ne namiji, yanka min ita!"

Kaza ta tsala ihu. "Kwaaak! Iya, ki tsaya! Ki duba ƙarƙashin rumbu! Akwai ɗaya da na ɓoye don ina sha'awar kwanci, sa'an waɗannan ne!"

Aka jawo shi, duk ƙura, har da gashi manne. Iya ta fasa a faranti. Gwaiduwa ta tsaya cur, jawur, ko wari babu.

"Wannan da rigarsa," in ji Kaza tana haki. "Wa ya tuɓe wa sauran? Ni dai mutum ɗaya na gaya wa maganar ruwa."

Iya ta saki fiffike a hankali, ta waiwaya bayan turmi. Wayam! Agwagwa har ta kai zaure, ɗuwawu na jifa dama da hagu. Mati ya bi ta da wuƙa, ta faɗa kududdufi tsundum, shi kuwa bai iya ruwa ba. Daga tsakiya ta dinga ƙwala musu: "Ko yanzu nawa ya fi girma! Nawa ya fi girma!" Ta yi ta yi har muryarta ta dishe. Mai jego dai ƙauri aka saya mata.

Kaza ta karkaɗe jiki ta rantse, ita da wankan ruwa har abada.

Shi ya sa har yau kaza da ƙasa take wanka, masu ƙwai kuma busasshen tsumma suke sa wa na sayarwa, ruwa sai ranar da za a fasa. Agwagwa ba ta nisa da kududdufi, muryar ma ba ta dawo ba. Ku dube ta can gindin randa, ta karkace wuya tana kallonmu da ido ɗaya. Ba ƙwan take kallo ba, Uwale. Tsumman hannunki take kallo.