Kabarin da Aka Ajiye a Waya

Isiyaku, Nata'ala, Radiyya, 'ya'yana, ku bar abin da kuke yi ku ji ni. Masu bin shafin nan, ku ma ku matso.

Akwai wani ɗan unguwar Sabo ta Badun, Manniru, mai sayar da albasa a kasuwar Bodija. Ranar da aka binne mahaifinsa, yayarsa Sakinat ta ce masa, "Ka kafa ƙarfe a kabarin Baba. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, kai ne idonmu."

Ya ɗaga waya. "Haba Yaya, 'yan gwangwan su tumɓuke? Na danna wurin a taswira. Tauraron ɗan'adam ba ya mantuwa."

Mahaifiyarsu, Hajiya Barakatu, wasiyyarta ɗaya ce: a kwantar da ita kusa da mijinta. Duk sanda ta tambayi kabarin, sai Manniru ya ce, "Yana waya, Inna."

Kun san ruwan Badun. Damina ta zo ta koma, ta sake zuwa. Ƙasa ta kwanta, ciyawa ta rufe, sababbin kaburbura suka cika wurin.

Da Hajiya ta rasu, Manniru ya shige gaban masu haƙa, waya a hannu. Ɗigon taswirar ya tsaya gindin bishiya, ya zabura ya koma bakin hanya, ya dawo. Duk inda ya nuna, kaburbura ne jere, ba a san na wa ba.

Masu haƙa suka ce, "Wanne ne, Alhaji? Gawa na jira."

Ya kashe wayar ya kunna. Ya ɗaga ta sama. Gumi kawai.

Liman ya ce, "Ba a ajiye mamaci don waya. Ku haƙa inda akwai fili."

Can jikin katanga aka kai ta. Da ya dawo, Sakinat ta tare shi a zaure. "Kun haɗa su?"



Darasi: Waya takan kai mutum unguwa, amma ba ta yi wa kowa alkawarin kai shi daidai taku ba. Abin da ba ya gyaruwa in an kuskure, kada a bar wa ɗigo amanarsa. Ku tura wa 'yan'uwa.

Yanzu gare ku. Na tambayi kabarin ubanku, Isiyaku ya ce yana waya, Nata'ala ya ce a kafa alama, har ba ku gaisawa. Ni ma wasiyyata ɗaya ce. Ku zauna ku kashe maganar nan tun damina ba ta sauka ba.