Alamar Kwano Ta Ceci Manhajar Ilyasu

Jama'a, ku matso ku sha labari!

Akwai wani matashi a nan Madarunfa mai suna Ilyasu. Allah ya ba shi ƙwaƙwalwa, sai dai fa akwai ji da kai. Shekara guda ya yi yana haɗa manhajar koyon karatu a waya, don matan da ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko.

Wata ƙungiya ta ba shi mako biyu ya gwada ta a ajin yaƙi da jahilci na garin Safo. In mata sun karɓa, a kai ta ƙauyuka. In sun ƙi, a jingine ta.

Malamar ajin, Madam Mardiyya, ta ce, "Ilyasu, ka fara zuwa ka ga yadda muke karatu mana."

Ya yi dariya. "Haba Madam, wannan ba aikin alli ba ne."

Ranar gwaji aka raba wayoyi. Can sai Inna Ɗelu mai ƙuli-ƙuli ta ce, "Ɗana, me abin nan ke so?"

"Ki rubuta sunanki, Inna, sai ya buɗe."

"To in na iya rubuta sunana, me ya kawo ni nan?"

Mata suka kwashe da dariya, suka ajiye wayoyi. Wallahi kunya ta kama Ilyasu, gumi sharkaf!

Da aka tashi ya durƙusa. "Madam, ki yi haƙuri. Koya mini."

Ba ta goranta masa ba. Allunan matan ta juya masa. Bayan kowanne akwai zane da jan farce: wannan ɗigo uku, wancan kibiya.

Ta ce, "Alamar da kowace ke sa wa kwanoninta ce, don kada su ɓace a gidan biki. Ba wadda ke manta tata."

Ilyasu ya yi tsalle. "Kai! Ashe ga ƙofa nan!"

Cikin kwana huɗu ya sake fasali. Mace ta taɓa alamarta, manhaja ta buɗe, muryar Madam ta gaishe ta, a shiga darasi.

Ranar ƙarshe wakilin ƙungiya ya zo karɓar wayoyi. Ina! Ba wadda ta miƙa. Inna Ɗelu ta ƙulle tata a haɓar zane.

"Alhaji, sai dai ka tafi da ni. Ina tsakiyar darasi na tara!"

Nan take mutumin ya sa hannu a kai manhajar ƙauyuka, aji ya ɗauki guɗa.

Darasi: Duk iya iliminka, kada ka ƙera wa mutane abu ba ka zauna da su ba, kuma kada ka raina wanda ya daɗe yana koyar da su. Ku tura wa malamai da matasanmu masu fasaha su ma su amfana.